Ƙusa Uku a Bango

Shekara ashirin da biyu Direba yana jan motar haya, sai ciwon ido ya sauke shi. Ya yi shekara biyu cur a gida, ba fita sai asibiti, ba magana sai an tambaye shi. Sunan dai ya manne masa, don mutane ba sa sauke suna da sauƙi.

Matarsa, wadda yake tsokana da Sarkin Tsafta saboda ba ta iya ganin ƙura ta wuce, ita ta ja hannunsa zuwa cibiyar da ake koya wa masu nakasa sana'a. Ya tafi yana ƙunƙuni, wai bayan sitiyari sai saƙar kujera kamar wata tsohuwa? Wata takwas ya yi a can. Malaminsu shi ma ba ya gani, kuma ba ya barin dangi su shiga ɗakin aiki, ya ce tausayinsu ne ke lalata masa ɗalibai. Saboda haka ita a benci take jira a waje, abin da aka koya a ciki ba ta sani ba.

Da ya gama, ma'aikaciyar cibiyar ta haɗa shi da wani mai shagon kujeru. Mutumin ya aiko da ƙarafunan kujera shida da igiyar roba, ya ce fara yake so da ratsin ja da kore, duk iri ɗaya, ran Asabar da yamma. In sun yi, Direba ya samu gurbi a shago. In ba su yi ba, akwai mutum biyu da ke jira.

Direba ya sa aka buga masa ƙusa uku a bangon ɗaki ya rataye naɗin igiyoyin: fara a dama, ja a tsakiya, kore a hagu. Haka malam ya koya musu, hannu ya san launi ta wurin da yake rataye. Kafin Alhamis ya gama biyar. Duk wadda ya gama sai ya tambaye ta yadda ta gan ta, ta ce ta yi kyau, shi kuma ya ce "to" a sanyaye. Ai ya saba. Tun da idon ya tafi komai nasa kyau yake yi a bakinta, ko riga ya saka a bai-bai.

Ran Juma'a da safe ƙaninsa ya kai shi karɓo magani. Sarkin Tsafta ta ga ɗaki babu kowa, hannu ya fara yi mata ƙaiƙayi. Ta sauke igiyoyin, ta goge bango tas, ta mayar da su. Sai dai farar ta fi girma, ta ga a tsakiya ta fi dacewa, ƙananan biyu su sa ta a tsakani. Ta ja da baya ta duba, har da murmushinta, sannan ta tafi wurin aikinta.

Da yamma ta dawo ta tarar ya kusa kammala ta shida. Ja ce jawur, ratsin fari a jiki. Ta dubi bango, nan take ta gane ɓarnar da ta yi.

"Sarkin Tsafta, ke ce? Ya kika ga autar?"

"Ta yi kyau" na nan a kan harshenta, shirye kamar kullum. Ta dubi yatsunsa, duk igiya ta yanyanka su. Wallahi ta fi son a mare ta da ta gaya masa wahalar yini guda ta tafi a banza. Amma in ta yi shiru, gobe a bakin baƙo zai ji, gaban mutane, aikin kuma ya kuɓuce.

"Baban yara, ba ta yi ba," ta ce. "Ja ta fito. Ni na sauya maka igiyoyin garin goge bango. Ka yafe mini."

Ya shafa kujerar daga sama har ƙasa.

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Su kam sun yi kyau, wallahi."

"To yau na yarda," ya ce. "Kusan shekara uku ban san lokacin da kike faɗa mini gaskiya ba."

Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta yi kuka mai isarta, na kunya da na daɗi a haɗe. Shi ko sai ya hau tsokana, wai tsaftar da ta sa aka wanke kujera har ta rine ai sai a kai ta gidan tarihi. Ya ce ta miƙo wuƙa, ta kuma mayar da kowace igiya ƙusarta tana faɗa da baki.

Washegari bai ɗaga kai daga sake saƙar ta shida ba sai bayan tsakar rana. Suka ɗora kujerun a amalanke zuwa shago. Mai shagon mutum ne mara yawan fara'a. Ya zauna a kan kowace ɗaya, ya girgiza ta, ya juya ta ya duba ƙullin ƙasa, ya ce na ta uku ya ɗan saki, a gyara. Sannan ya ce Litinin ƙarfe takwas, kuma shi ba ya son latti.

Da suka fito ta kama hannunsa kamar yadda ta saba. Ya zare a hankali, ya ce ran Litinin ita ma tana da wurin aiki, gara ya fara koyon hanyar tun yanzu. Ta koma bayansa. Ya sa sanda gaba yana ƙwanƙwasa gefen titi, yana ƙirga kwanonin hanya a ransa irin na tsohon direba. Can ta hango wata kwata a gabansa, bakinta ya buɗe, ta danne shi da gefen mayafi. Sandar ta riga ta ganin kwatar.