Sunan Cuthbert a Gindin Dutse

Ni na sassaƙa sunan Cuthbert Odling a dutsen tunawa da mamatan yaƙi na ƙauyenmu, kuma aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya sha kai wa Jamus farmaki, har aka kakkaɓo jirginsa, aka ce ya mutu. Labarinsa ne ya iso a ƙarshe, shi ya sa sunansa ya faɗo can gindin dutse. Gwamnati ta ba shi lambar jarumta. Uwarsa, Misis Odling, ta karɓo ta maƙala a ƙirjinta na dama, yadda dangin mamaci ke yi.

Ana gama yaƙi sai ga Cuthbert ya sauko daga bas yana ɗingishi. Ashe fursunan yaƙi ya zama a hannun Jamus.

Aka yi murna, aka sha giya. Washegari ya same ni a wurin aiki.

"Horace, goge sunana."

"Da me, da soso? Dutse ne, yaro. In na sa guduma a nan, sunan Brocklesby da ke saman naka zai tsage, shi kuwa da gaske ya mutu."

Ya je gun uwarsa neman lambarsa. Ta ce, "Ba taka ba ce, ta ɗana ce da ya mutu. Hawayena ya ƙare a kansa, kai kana can kana cin dankalin Jamus."

Fasto kuma ya ce duk sunan da ido ya gani a dutse sai an karanta shi ranar tunawa, haka aka saba.

Ranar ta zo a watan Nuwamba, ana yayyafi. Cuthbert ya rantse ba mai sake binne shi. Ya ratsa taro, ya zauna daram a ƙasa, ya jingina da dutsen, ya rufe sunan da bayansa.

"Karanta mu gani, Fasto."

Fasto ya karanto sunaye har ƙasa, ya leƙa hagu, ya leƙa dama, bai ga na Cuthbert ba, dole ya tsaya a kan Brocklesby. Cuthbert ya washe baki, ya ci nasara.

Sai dai a gindin dutse ake ajiye furanni, kuma Misis Odling ce mai ajiyewa. Ta tako da lamba a ƙirji, ta dube shi, ta ɗora masa furannin a cinya.

"Mama, ina da rai fa!"

"Rufe mana baki, Cuthbert. Shirun minti biyu ake yi, kuma don kai ne."

Ya yi tsit. Har hularsa ya cire.

Tun daga nan, kowace shekara a wurin yake zama. Ni nake kai masa buhu ya shimfiɗa, saboda laima.