Karayar Bara'atu da ta Ragon Maƙwabci

Da Lukuman ya karya wa matarsa Bara'atu hannu, sai ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Jami'in ya dubi ɗaurin ya ce, "Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Koma gida ku sasanta."

Ta koma garinsu Bilbis da haƙurinta.

Da kaka, Lukuman ya tarar da ragon maƙwabci yana cin wakensa, ya karya masa ƙafa. Kafin la'asar Lukuman yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda, washegari yana gaban alƙali.

Bara'atu ta bi su kotu, ta tari mai gabatar da ƙara. "Ranka shi daɗe, in an ƙare da rago, ni ma ina da ƙashi."

Kunya ta sa ya karɓi ƙararta.