Ƙwaya Goma Sha Huɗu

Kwalin maganin matsi ɗaya, safar hannu, auduga, sabulu, tocilan, goro ashirin. Abin da ke cikin jakar Zuwairatu ke nan. Tana zaune a kan buhun siminti a bayan a-kori-kurar da ta nufi Runka. Siminti da kwanon rufi sun fi mutane yawa a motar. A shekarar kowa gini yake yi.

Wata uku ke nan da dawowarta daga Ibadan, inda ta koyi aikin jinya. Yanzu tana ba da magani a Batsari. Da safe wata mai tallan nono ta tare ta a bakin kasuwa.

"An ce ƙanwarki Hussaina gishiri gare ta. Ana zancen kiran wanzami."

Zuwairatu ta san zancen. Mace ta yi ƙaiƙayi a gaba, a ce gishiri ne, a sa aska a tsaga ta ciki. Ta yi jinyar waɗanda askar ta zarce musu har mafitsara.

Ta kuma san ba gishiri ba ne. Sati uku da suka wuce Sahabi, mijin Hussaina, ya zo tagar ba da magani, yadda maza ke zuwa karɓar wa matansu magani. Kansa a sunkuye ya ce mai ɗakinsa na fama da ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Ƙaramin ciwo. Ta zuba ƙwaya goma sha huɗu a ambulan. Na cusawa ne a gaba, ɗaya kullum in za a kwanta. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna mijin ƙanwarta ne, ga maza a layi suna ji. Ta rubuta a bayan ambulan, dalla-dalla, ta miƙa masa.

Da la'asar ta isa. Inno, uwar Sahabi, tana tankaɗe a tsakar gida. Zuwairatu ta durƙusa, suka gaisa: gajiya, gida, aiki, damina. Ta ajiye goron.

"Ina Hussaina, Inno?"

"Tana ɗakin baya. Da sauƙi ai. Shekaranjiya aka yi, baƙin jinin duk ya fita."

"Aka yi?"

"To me za mu jira? Maganinku na Turawa ta sha har ta gaji. Mu da aka yi mana, ga mu nan."

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta. Ɗakin da ake ajiye kara ne da dusa. Hussaina na kwance a tabarma, an zuba toka a ƙarƙashinta. Zaninta a jiƙe.

"Yaya, ke ce? Kada ki zauna nan, za ki ɓata kayanki."

Zuwairatu ta zauna. Ta sa safar hannu, ta kunna tocila, ta duba. Ba ta daɗe ba. Fitsari na zuba a hankali, ba tsayawa, ta inda ba hanyarsa ba.

"Ba na jin zuwansa," in ji Hussaina. "Sai dai in ji ɗumi. Zai tsaya?"

"Ina maganin da na aiko?"

Hussaina ta zaro ambulan daga ƙarƙashin matashi. Ƙwaya biyu suka rage.

"Sha biyu na haɗiye. Manya ne, suna maƙalewa, har amai nake yi. Ki yafe mini, na kasa ƙarasawa."

"Ba wanda ya karanta miki wannan?"

"Wa ya iya boko a gidan nan? Na dai ajiye don hannunki ne."

Zuwairatu ta juya ambulan. Rubutun yana nan, tsaf, kowane harafi a miƙe kamar yadda aka koya mata. Ta ninke shi ta sa a jaka, kusa da sabon kwalin.

Sahabi ya yi gyaran murya a waje. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ya gaishe ta yana duban ƙasa.

"Yaya, na yi iya yina. Kullum da safe nake ba ta da hannuna."

"Ba na sha ba ne. A gabanta ake cusawa. Ni ya kamata in gaya maka ran nan, da bakina."

Sahabi ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. Inno ta ajiye rariya.

"Subhanallahi. Karatun ke nan? A gaban surukinki?"

"Asibitin Zariya suna ɗinke irin wannan," in ji Zuwairatu. "Wani lokaci ya yi, wani lokaci bai yi ba."

"Zariya? Maza su buɗe matar aure?" Inno ta girgiza kai. "Ta zauna. In ya tsaya ta koma ɗakinta. In bai tsaya ba, ai ɗakin nan ma ɗaki ne."

Zuwairatu ta dubi Sahabi. Har yanzu ƙasa yake kallo.

"Ba ta fita sai da izinina," ya ce a hankali.

Ta koma ciki, ta jawo ƙyauren kwano ta rufe, ta tokare shi da buhun dusa. Daga ciki ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Motar safe da ita zan tafi. Ka biyo mu da izinin, ko ka aiko da takardarta. Wannan karon akwai mai karanta mata."