Shaidar Haihuwar Lauwali

Lauwali ya jera takardunsa a gaban akawun kotun Bagudo kamar mai shanya kifi: hotonsa, shaidar gama makarantar horon malamai, takardar likita, da ta hedimasta. Saura guda, takardar rantsuwa mai nuna inda aka haife shi. A waje motar wasiƙa tana lodin albasa. Ita ce ta ƙarshe da za ta isar da saƙo Zariya kafin makarantar koyon aikin lauya ta rufe karɓar takardu, baɗi kuwa shekarunsa sun haura waɗanda ake ɗauka.

Malamin firamare ne a Illo, kuma mutum ne mai tsara abu har ya gunduri jama'a. Hoton tun bikin cika shekara da samun mulkin kai ya ɗauka, da mai hoto ya zo gari. Likita a hanyar rangadi ya tare shi. Hedimasta ya sa hannu ana ɗaure masa kayan tafiya Makka. Abu ɗaya ne ya gagari tsarin Lauwali, shi ma don an gama shi tun bai san kansa ba. Ɗan fari ne, innarsa kuwa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda kowace mace ke yi, gidan iyayen nan kuma yana Madekali, cikin Dahome.

A Illo ba mai kiran Madekali wata ƙasa. Tafiyar jaki ce, can ake aure, can ake zuwa gaisuwar mutuwa. Amma takarda ba ta san jaki ba. Bara wani malamin asibiti ya rubuta Dahome a tasa, aka tura ta Kaduna a bincika ko ɗan ƙasa ne. Amsa ta dawo cikin ladabi ƙwarai cewa ɗan ƙasa ne, bayan an rufe karɓar takardu.

Shi ya sa Lauwali ya zo da Kawu Kanta, ƙanen innarsa, ya yi masa shaida. Kawu Kanta ya tsufa yana ƙetarowa da atamfa a ƙarƙashin gero, yana kallon 'yan kwastan cikin ido yana ce musu gero ne har ƙasa.

"Illo anka haife shi, Allah shi gafarta Malam," in ji Kawu Kanta. "Bayan masallaci. Ina tsaye."

Alƙali tsoho ne marar gaggawa. Ya dubi Kawu Kanta ta saman tabarau, ya ce ya je ya yi alwala, don zai dafa Alƙur'ani. Har ya miƙe sai alƙali ya ƙara tambaya.

"Uwar yaron na raye?"

Kawu Kanta, wanda bai taɓa gaya wa hukuma gaskiya da son ransa ba, yau ya zaɓi ya faɗe ta.

"Ƙalau take. Tare munka zo, tana kasuwa tana saida daddawa."

"To mi ya kawo kawu, ga mai abu a gari?"

Aka aiki dogari kasuwa. Da Lauwali ya zauna ya yi lissafi sai hankalinsa ya kwanta. Inna Hamsatu mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta dā. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa, in ta matsu ta ce "malamin makaranta". Ranar da ya ci jarrabawa ta gaya wa maƙwabciya wai an ce wani ya ci wani abu, ta ci gaba da dakanta. Mace irin wannan ba za ta buɗe baki a gaban maza ta yi zancen haihuwarsa ba. Za ta rufe fuska, alƙali ya gane, a koma ga Kawu. Har ya ɗan yaba wa kansa, don ya ga tunanin ya yi kama da na lauyoyi.

Ta shigo da warin daddawa a mayafinta, ta durƙusa ta gaida alƙali, ta zauna ta ba Lauwali baya.

"Hamsatu, kin san wannan?"

"Ina ganin shi a gida."

"Ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A waje direba ya danna ham, yaran mota suka fara ɗaure tamfol.

"Ban matsa miki ba," in ji alƙali. "Ƙanenki ya ce Illo anka haife shi, yana tsaye. Zai rantse yanzu. In kin yi shiru, na ɗauki shaidar tashi."

Kawu Kanta ya dawo gemu na ɗigar ruwa. Inna Hamsatu ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Kanta na tsare a Kandi, can cikin Dahome, lokacin, kan maganar taba," ta ce.

Kawu Kanta ya dubi rufin ɗaki kamar yana neman inda yake yoyo.

Ta sauke mayafin. Ba ta ɗaga murya ba, alƙali take kallo.

"Lauwali ɗana ne. Ni na haife shi, a Madekali, ɗakin uwata, shekarar da ruwa ya ci shinkafa. Na wuni na kwana ina naƙuda. Ya fito bai yi kuka ba, ungozoma ta naɗe shi ta ce a gaya wa maza su nemi mai haƙa. Na ce a miƙo min shi. Na sa bakina a hancinsa na yi ta ja ina tofarwa har ya yi atishawa. Uwata ta mutu, ungozoma ta mutu, ɗakin ma ya faɗi. Ni kaɗai na rage da na sani. Wahalar nan a Madekali na sha ta, ba za a ɗauke ta a kai Illo ba."

Ta mayar da mayafi, ta sake juya baya.

Lauwali bai taɓa jin wannan labarin ba, bai kuma taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ashe jan sunan take yi a tsakiya, irin na mutanensu na Dendi. Daɗi ya kama shi, baƙin ciki ma ya kama shi, ya rasa wanda zai fara ji. Ya tuna ɗakin aji na Illo da allonsa mai tsaguwa, ya ga kansa a ciki da furfura.

Alƙali ya gyara zama.

"Malam Lauwali, takarda taka ce, kai za ka sa hannu. Shaidu biyu sun saɓa. Ɗaya ta faɗi nata ba rantsuwa, ɗaya yana da alwala. Ni ban san tsarin mutanen Zariya ba, kai ka san shi. Mota kuma ba ta jiran kotu."

Akawu ya tsoma alƙalami a tawada ya riƙe shi a sama.

"Mi za a rubuta, Malam?"

Lauwali ya dubi bayan innarsa. Tana ta gyara bakin zane da ba abin da ya same shi.

"Rubuta Madekali."

"Da Dahome?"

"Da Dahome."

"Ka dai san abin da ya samu malamin asibiti bara."

"Na sani."

"To ni alwalata fa?" in ji Kawu Kanta.

"Azahar ta kusa," in ji alƙali.

Akawu ya rubuta, ya busa tawada, alƙali ya buga hatimi. Direba ya sake danna ham, wannan karon bai saki ba. Lauwali ya zuba takardun a ambulan, ya lashi bakinta ya manne, amma bai tashi ba.

"Sauran abin da ta faɗa fa? Ka rubuta?"

"Gurbin layi ɗaya ne, Malam. Sunan gari kawai suke so."

"Samo wata takarda ka rubuta min shi duka, yadda ta faɗa, kada ka gyara komai. Bari in kai wannan mota in dawo."

"Ita ma Zariya za ta?"

"A'a," in ji Lauwali. "Wannan tawa ce."