Tsohon Gidan Inna Hure a Cikin Dam

Tun da Fatihu ya fara aikin taswirar dam tare da ƙungiyar masunta, kakarsa Inna Hure take tambayarsa ko wayar tasa tana ganin ƙasan ruwa. Ya bayyana mata cewa sun auna zurfin ko'ina da na'ura, sun kuma ɗora tsohon hoton garin da aka ɗauka daga jirgin sama kafin a tare kogin. Kowace safiya ana karanta ma'aunin da ke jikin dam a shigar cikin manhaja, ita kuma ta nuna inda kwalekwale zai wuce da inda zai daki kututture.

Ta ce tana son ganin wurin tsohon gidansu. Ba ta faɗi dalili ba, amma kowa a gidan ya sani. Ɗanta na fari ya rasu yana jariri, aka binne shi a bayan ɗakinta kamar yadda ake yi a lokacin, ba a jima ba aka tashi garin, ruwa ya rufe shi.

A bana ruwan ya ja baya fiye da yadda aka saba. Sai dai hadari ya fara haɗowa daga gabas. Da an yi ruwan farko wurin zai koma zurfi, ita kuwa ƙafafunta sai ƙara nauyi suke yi.

Suka fita da hantsi a kwalekwalen Muntaka, ɗaya daga cikin masuntan. Ta riƙe gefen katakon da hannu biyu, tana yi wa jikan nata tsiya irin ta kaka: in ya bari matarsa ta nutse, ba zai ƙara samun mai dama masa fura ba. Fatihu bai iya dariya ba.

A tsakiyar ruwa manhajar ta nuna ja, alamar hatsari. Hanyar da Muntaka yake bi a watan jiya ta yi tudu, kututturan bishiyoyi sun kusa ɓullowa. Fatihu ya kira mai karanta ma'auni ya sake tabbatar da lambar ranar, sannan ya roƙi Muntaka ya bi wani siririn layi shuɗi da manhajar ta nuna yana da zurfi, duk da lanƙwasarsa. Suka karya dama, suka karya hagu, suka sake karyawa dama. Inna Hure ta saki katakon. Ta ce wannan ai hanyar rafi ce, wadda shanu suka zaizaye. Nan gaba kaɗan akwai tsamiya.

Da ɗigon da ke nuna kwalekwalensu a kan wayar ya hau wurin tsohon gidan, Fatihu ya sa aka tsaya.

"Inna, gidan dai ga shi. Amma bayan ɗakin, ba zan iya cewa nan ne daidai ba. Taswirar takan kuskure da 'yan taku."

"Maigida, zurfinsa fa?"

"Bai kai damtse ba."

Ta tambayi ina ne gabas, ya nuna mata. Ta sa aka ɗan matsa kaɗan. Da Muntaka ya ɗaga gora zai kafa don tsayar da kwalekwalen, ta riƙe hannunsa, ya mayar da gorar a hankali. Ta naɗe mayafinta, ta sunkuya, Fatihu na tallafe da kafaɗarta, har tafinta ya sauka a kan laka.

Ba tare da ta ɗago ba ta tambaye shi ko akwai yadda za a yi masu gora su riƙa kauce wa wurin. Manhajar ba ta da alamar kabari. Ya danna alamar hatsari, wadda ke sa kowane kwalekwale ya kewaye, ya faɗaɗa da'irar ta rufe gidan gaba ɗaya.

Muntaka ya juya fuskarsa wajen gonakin albasa da ke bakin ruwa. Suka jira ta.