Ƙullin Ɗahiru

To, ku matso kusa, ga ta nan ta iso gare ku.

Ta shigo, Kaka, muna jin ta.

Akwai wata mata a Challawa, Asabe, mai tuwo a ƙofar wani kamfanin fata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da ɗa guda tilo, Uwaisu, saurayi mai baki kamar rediyo, yana aiki a kamfanin roba a Sharada.

Cikin masu cin tuwonta akwai Ɗahiru, mutumin Damagaram, lebura mai jimar fata a kamfanin. Ba shi da kowa a Kano. Su da yawa suke kwana a shago ɗaya, bargonsa guda ɗaya ma karɓa-karɓa ake yi da shi, mai tashi aiki ya shiga inda mai tafiya ya fito. Kun san wasan Kanawa da Damagarawa. Uwaisu na hango shi zai ce, "Inna, ɓoye miyar nan, ga Badamagare ya zo da cikinsa."

Shi kuma ya ce, "Inna, wannan ɗan naki, da baki ake aiki da tuni ya zama manaja."

Rannan zazzaɓi ya kayar da Ɗahiru. Asabe ta sa aka kawo shi soron gidanta, tana dama masa kunu. Ya yi 'yan kwanaki kamar ba zai tashi ba, sai ya yi gumi sharkaf, ya miƙe, ya koma aiki. Ba a jima ba ciwon ya dawo, kuma wannan karon bai bar shi ba. Allah ya karɓi abinsa.

Bayan jana'iza liman ya tara kayan Ɗahiru gaban shaidu, ya ɗaure cikin bargon, ya ce, "Asabe, wannan kayan gado ne. Amana ce a hannunki har magadansa su zo."

Wata maƙwabciya ta ce, "Yaya Asabe, ki kwance ki wanke mana, kayan jinya ne fa."

Ta ce, "Ƙullin da aka yi gaban shaidu? Gobe a ce allura ta ɓata, in ce me a gaban Allah? Hannuna ba zai taɓa shi ba."

Soro yana yoyo, ɗakinta kuma cike da buhunan gari. Sai ta kai ƙullin ɗakin Uwaisu, ta ajiye a kan katifarsa. Shi kuwa ya mai da shi matashi. Yana dariya yana cewa, "Badamagare ya mutu ma bai bar ni na huta ba, ya aiko min da 'yan uwansa suna cizo na." Ƙwarƙwata ce, jikokina, irin mai zama cikin ɗinkin tufa. Ya kama, ya murtsuke da farce, ya sosa wurin, ya ci gaba da barcinsa.

Ba a daɗe ba jikinsa ya ɗau zafi, kai kamar zai rabe, gaɓoɓi duk ciwo. Asabe ta kira mai kemis, ya ce maleriya ce, ya yi masa allura. Da aka kwana biyu sai gumi ya karyo, zazzaɓi ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Wayyo, ku ga murna! Ta yi waina ta raba sadaka. Ta dubi ƙullin nan ko sau ɗaya? Ina! Ai a ganinta allura ta yi aiki.

Da ya ce zai koma aiki, sai ta tuna Ɗahiru. Ta ce, "Ka bari mu je asibiti a duba ka tukuna."

Ya ce, "Haba Inna, mai lafiya ya je asibiti ya ce me? Tuwo uku fa na ci jiya. Likitan ne zai ce in duba shi."

Ta yi dariya, ta bar shi ya tafi. Wannan dariyar ita ce take cin ta har yau.

Da ciwon ya dawo, a a-daidaita-sahu abokan aikinsa suka kawo shi. Idanu sun yi rawaya, haɓo yana zuba, ba ya gane kowa. Aka wuce asibiti. Likita ya ɗebi jini ya duba, ya fito ya ce ba maleriya ba ce, wani zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, ƙwarƙwata ke ɗauke da shi daga jiki zuwa jiki. Ya ce yana da magani, an kuma fara ba shi, amma ciwon ya riga ya taɓa hanta da zuciya.

Asabe ta ba shi labarin ƙullin. Ta ce, "Likita, da me ya kamata in yi? Ƙonawa? Kayan gado ne."

Ya ce, "A'a, Baba. Tafasawa kawai."

Tafasawa. Matar da kullum garin Allah ya waye sai ta ɗora tukwane uku a wuta.

Uwaisu bai ƙara magana ba. Da la'asar ɗin washegari ya cika, kansa a cinyarta.

Ta dawo ta kwance ƙullin da hannunta, ba shaida ko ɗaya, ta tafasa komai a tukunyar tuwo, ta shanya, ta ninke. Sai bayan damina wan Ɗahiru, Malam Abdulbaqi, ya iso daga Damagaram. Ta ajiye kayan a gabansa, ta roƙi gafarar kwancewar da ta yi. Ya ɗaga: riga biyu, wando, tsohuwar kwat, bargo. Bawan Allah bai san komai ba. Ya ce, "Ayya Inna, don waɗannan kika wahalar da kanki? Ai da kin bayar sadaka tun ranar."

Ta tashi ta zubo masa tuwo.

Malam Abdulbaqi ya koma gida da bargon, sauran ya bai wa liman ya rabar. Masu kwana a shagon nan an tafasa kayansu, waɗanda suka kamu an ba su magani sun warke. Ɗahiru da Uwaisu maƙabarta ɗaya suke, ba nisa tsakaninsu. Asabe tana nan a ƙofar kamfanin fata tana sayar da tuwo, ɗakin Uwaisu kuma a rufe yake.