Tafin Hannu a Bakin Kofi

Kaka ta karɓe makirfon daga hannun Kawu tun bai gama gabatar da baƙi ba, nan take gaban 'Yar Cokali ya faɗi. Ba a shirya Kaka za ta yi magana ba. Tun rasuwar mijinta bakinta ya mutu, ko hawayenta ba wanda ya gani, har 'ya'yanta sun fara zancen asibiti. Yau kuma, a taron tunawa da shi, ga ta tsaye a ɗakin taro na ofishin lauyoyin da ya yi wa aiki, gaban abokan aikinsa da tsofaffin abokansa na masana'antar fenti. Wayar Kawu na jingine da tulun furanni, tana haska taron kai tsaye ga duk mai son kallo.

Lauya kowa ke ce wa marigayin, har jikokinsa, amma da kwalabe ya fara. Yana matashi, masanin haɗa sinadarai ne a masana'antar. Ya gano wani haɗi, murna ta ɗebe shi, ya zayyana shi kaf a wani taron masana, aka yi masa tafi. Da ya je neman rajistar ƙirƙirarsa aka ce ai ya makara: abin da ka faɗa a bainar jama'a kafin ka shigar da takarda ya zama na kowa. Haushin wannan ne ya mayar da shi aji da 'ya'ya uku, ya fito lauyan masu ƙirƙira. Daga nan ya samo wata ɗabi'a. Ko a ofis ko a gida, in mutum ya ɗauko zancen da bai kamata ya fita ba, ba ya cewa uffan, sai ya kife tafin hannunsa a bakin kofin shayinsa. Kaka ce ta fi kowa shan wannan hannun, don ita labari ba ya kwana a cikinta.

Muryarta ta fara a shaƙe, sannan ta buɗe. Ta ba da labarin rigunansa da ba sa rabuwa da warin fenti, da yadda ya manna wa gwangwanin sukarinta takarda da kwanan wata kamar wata guba. Ɗaki ya ɗauki dariya. Mama, mahaifiyar 'Yar Cokali, tana dariya tana share ido, ta matse hannun 'yarta ta raɗa mata, "Kin ji? Ta dawo."

'Yar Cokali ta ji, kuma ta san inda hanyar nan ta nufa.

Tun tana ƙarama take riƙe masa cokali in yana gwaje-gwajensa a gida, a nan sunan ya bi ta. Ta girma ta karanci abin da ya karanta, ta ajiye aikinta suka duƙufa kan wani fenti mai hana tankin ruwa tsatsa. Sun dace. Yana tsakiyar rubuta takardar neman rajista, da sunanta a sama nasa a ƙasa, ciwo ya kwantar da shi. Abokin aikinsa, wanda ake kira Dogo, ya yi alkawarin shigar da ita mako mai zuwa. Duk duniya mutum ɗaya ne kuma ya ga haɗin da idonsa, ita ce Kaka, mai tukwanen da suka ƙona.

"Sai ga su sun shigo min kicin," in ji Kaka, "shi da wannan ja'irar. Tukunyata ta uku ke nan suna kashewa."

'Yar Cokali ta waiga neman Dogo. Kujerarsa wayam, ya fita amsa waya. Ta yi wa Kawu alama da ido ya kashe wayarsa, shi kuwa ya ɗaga mata babban yatsa, ya ƙara gyara wa wayar zama.

Kaka ta ce ita da ta ga abin da suke zubawa ta ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Ta ambaci sinadari na farko. Wannan da sauƙi, kowane mai fenti ya san shi. Ta ambaci na biyu, har da yadda ake jira ya huce. A layi na biyu wani tsoho daga masana'antar ya daina murmushi, ya gyara tabarau, ya turo kai gaba. Ba mugu ba ne, kunnen sana'a ne kawai.

Saura na uku, kuma shi ne komai.

Ta yaya 'Yar Cokali za ta miƙe ta ce Kaka yi shiru, a gaban wannan jama'a? Matar da sai yau ta sami bakinta? Tsoro ya kama ta cewa in ta rufe shi yanzu ba zai sake buɗewa ba, kuma Mama ba za ta yafe mata ba. In kuma ta ƙyale, aikin ƙarshe na Lauya zai bi hanyar na farko.

"Abin da ya ba ni dariya," in ji Kaka, "wai abin da nake zubarwa kullum a shara, wato..."

Kofin shayin Kawu na gaban 'Yar Cokali, yana tururi. Ta jawo shi, farantin ya yi ƙara, ta kife tafin hannunta a bakinsa.

Kaka ta tsaya. Idonta ya sauka kan hannun, ya kafe a wurin. Tururin na cin tafin 'Yar Cokali, ba ta ɗaga ba. Rabin ɗakin ba su gane komai ba, amma lauyoyin duk sun sunkuyar da kai. Sai kukan da Kaka ta riƙe tun ranar rasuwa ya ƙwace mata. Mama ta tashi da gudu ta riƙe ta, Kawu ya lalubi waya ya kashe.

Sai da mutane suka ragu 'Yar Cokali ta iya matsawa kusa. Ta durƙusa gaban kujerar, ta buɗe baki za ta ba da haƙuri. Kaka ta kamo hannun, ta juya shi, ta dubi jan da'irar da bakin kofin ya bari, ta hura mata iska a kai.

"Ja'ira," ta ce, muryarta a dishe. "Na ɗauka yau dai da ba ya nan zan kai ƙarshen labari."

Ba ta saki hannun ba har suka isa mota.